Rigar da Ta Yi Kwantai

Ranar da Sabuwa ta shigo ofishin 'yan sanda na Goronyo, ba rahoton gawa ta kawo ba, ba kuma na sata ba. Hoton riga ta kawo, a cikin wayar da ta aro wajen ƙanwarta.

Sufeto Siddiq yana zaune yana jiƙa burodi a shayin da ya riga ya huce. Shekararsa ashirin da biyu a aikin ɗan sanda, kuma a 'yan shekarun nan ya tsani duk ƙarar da za ta fara da "dubi wayar nan". Yawanci zage-zage ne tsakanin dangi, ko wani ya sayi takalmi an aiko masa da wanda bai shiga ƙafarsa ba. Saja Habi ce ta shigo da matar, ta ja mata benci.

"Yallaɓai, daga Taloka take. Tac ce sai kai za ta gani."

"Mi ke tahe da ke, baiwar Allah?"

Sabuwa ta miƙa masa wayar da hannu biyu. Hoton babbar riga ce, shadda ruwan toka mai aikin aska biyu, an shimfiɗa ta a kan farin zane. Wata mai sayar da kayan gwanjo ce ta ɗora a shafinta na WhatsApp, ta rubuta a ƙasa: "Rage kaya, an karya kuɗi. Mai rabo ka ɗauka." Hoto na biyu kuwa an ɗauke shi kusa-kusa. A ƙasan aljihu akwai wani ɗan wuri da aka cike da koren zare, ɗinkin ya fito kamar ganye.

"Rigar maigidana ta," in ji Sabuwa. "Ni niy yi wanga ɗumki. Garwashin turare yac ci wurin ran jajibirin Sallah, ban da zare ruwan toka, sai nis sa kore."

"Ina maigidan naki?"

"Abin da nika son sani ke nan."

A hankali Sufeto ya tsamo labarin. Sunan mijin Lauwali, manomin albasa ne. Duk shekara idan an kwashe albasa yakan tafi kasuwar Aba ya yi dillanci, ya dawo da ruwan fari. Bana ya fita kashegarin Ƙaramar Sallah da jakarsa, rigar nan tana ciki. Ruwa ya sauka, an yi shuka, gero ya nuna har an girbe, babu Lauwali. Wata shida ke nan, wayarsa kuma a kashe take tun ranar da ya fita.

"Wata shida, sai yau kika zo?"

"Wanshi Mode yac ce suna magana."

Kamar wanda aka kira, sai ga sallama a bakin ƙofa. Wani dogon mutum ne kakkaura, zai kai shekara hamsin, carbi a hannu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya cire takalmi duk da ba wanda ya ce ya cire.

"Ranka shi daɗe, ni na Mode. A yi haƙuri, sha'anin mata na. Ƙanena shina nan lahiya lau, ko makon jiya mun yi magana."

"Da wace lamba?"

"An sace mai waya tun zuwanshi. Sai shi ari ta mutane shi kira ni."

"Nuna mani lambar."

"Ai 'yar wayata ba ta riƙe lamba, yallaɓai. Gogewa nikai."

"Rigar hwa?"

"Wa yas sani? Ƙila abu ya matse shi yas sayar. Riga kuma ai ta yi kama da riga."

Sufeto ya tura wayar tsakiyar tebur, hoton yana haske. Mode ya dubi bango, ya dubi fanka, ya dubi takalman Saja Habi. Ko sau ɗaya bai dubi hoton ba. Sufeto ya rubuta wani abu a littafinsa.

Sabuwa ta gyara mayafi, ta yi magana ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Yallaɓai, ni ba ƙarar kowa nik kawo ba. So nikai in san matsayina. In matar aure ta ni, in ci gaba da jira. In takaba ta kama ni, in zamna in yi ta. Wata shida ina sa kwalli, ban san wanda nika sa ma ba."

Maganar ta zauna wa Sufeto a ƙirji. Ya ture kofin shayin, ya ce da Saja Habi ta nemo direba.

*

Mai shafin sunanta Sharifa, a Wurno take. Za ta yi shekara talatin. Ta gama makarantar horon malamai ta jira aiki har ta gaji, sai ta mayar da wani ɗaki a gidan mahaifinta shago. Shagon ba shi da allo a ƙofa, duk kasuwarsa a waya take.

Ɗakin cike yake har rufi. Ga takalman da yayinsu ya wuce, ga atamfofin da suka yi kwantai bayan Sallah ta kwaso su a rabin kuɗi wajen masu kanti, ga kwanuka da kulolin da ta saya hannun dillalai mata, ga dila biyu ta gwanjo, ɗaya a kwance ɗaya a ɗaure. A jikin taga an shimfiɗa farin zanen nan na cikin hoto.

Ta karɓe su da fara'a irin ta 'yan kasuwa, tana tsammanin ko saye suka zo yi. Ba a tambaye ta ba ta fara bayanin sana'arta.

"Kasuwa ukku nika ci a mako, yallaɓai, in kuma shiga ƙauyuka. Abin da mai kanti yag gaji da gani, ni shi nika nema. In wanke, in goge, in ɗauki hoto, in ɗora. Wanda yag gani shi turo kuɗɗi, in kai tasha in ba direba. Har Abuja an san kayana."

"Madalla. Wagga riga hwa?"

Fara'ar ta ragu. Ta jawo rigar daga cikin wani akwati ta ajiye.

"Cikin dila tah hito."

"Wace dila?"

"Irin waccan. Daga Sakkwato nika sarowa."

Sufeto ya je ya tsuguna gaban dilar da ke kwance. Ya ɗago wandon jins, ya ɗago rigar sanyi mai rubutun Turanci, ya shinshina. Warin nan ne na maganin da ake fesa wa gwanjo, wanda ko an wanke sau uku ba ya fita. Ya dawo ya shinshina rigar Lauwali. Sabulu ne da ɗan ƙamshin turaren wuta da ya daɗe.

"Malama Sharifa, dila daga ƙasar Turawa taka zuwa. Yaushe Turawa sunka hwara sa babbar riga mai aska biyu?"

Saja Habi ta kau da kai tana danne murmushi. Sharifa ta zauna a kan akwatin.

"Yallaɓai, ka san mutanenmu. Za su sa rigar Baturen da ba su san ko da wace cuta yam mutu ba, ba su damu ba. Amma ranar da anka ce Sharifa na sai da kayan mamatan garinmu, shahina ya mutu. Shi yas sa komi nika cewa na dila na."

"Wa yac ce maki ta mamaci ta?"

"Ba wanda yac ce. Wani tsoho na, ladanin wani ɗan masallaci a Maikujera, Malam Yari. Shi yak kira ni gehe yan nuna mani. Rigar ga, da taguwa biyu, da hula. Na ga kayan sun hi ƙarhinshi, sun kuma hi tsawonshi."

"Ba ki tambaye shi inda yas samo ba?"

"Ban tambaya ba. Ban son amsar."

Ko ba komai ta faɗi gaskiya a nan, kuma Sufeto ya san ba ita kaɗai ke cin abinci da rashin tambaya ba. Araha ba ta son bincike.

"Yaushe kika saya?"

"Wanga ba wuya." Ta buɗe wayarta tana ja da yatsa. "Duk abin da nis saya, nan take nika ɗaukar hotonshi kahin in biya, in tura ma manyan masu sayena su gani. Ga shi. Ashirin da ɗaya ga Mayu."

A hoton ana ganin rigar a kan tabarma, da ƙafafun wani tsoho a gefe. Sufeto ya rubuta ranar.

Sauran kayan tuni suka tafi. Rigar ce ta tsuga wa kuɗi saboda shaddar mai kyau ce, sai ta yi kwantai wata biyar. Da ta ga ɗaki ya cika, ta shiga rage kaya, ta karya kuɗin ta sake ɗorawa.

"Mi yas sa kika ɗauki hoton ɗumkin?" in ji Saja Habi.

"An taɓa maido mani da leshi daga Kaduna don wata 'yar huda. Tun ran nan, komi ƙanƙantar aibi sai na nuna shi." Ta dubi koren zaren, muryarta ta yi ƙasa. "Mai rigar shina da rai?"

"Shi muka nema," in ji Sufeto.

Ya rubuta mata takardar shaidar karɓar kaya, Saja Habi ta naɗe rigar. Har sun kai ƙofa Sharifa ta biyo su tana roƙon kada sunanta ya fita. Sufeto ya ce mata ba zai ɗauki alkawarin da ba a hannunsa yake ba. Suka bar ta tsaye a tsakiyar kayanta.

*

Rana ta take tsaka lokacin da suka bi hanyar Rabah. Gonaki duk an girbe, sai karan gero a tsaye da dammuna jingine a bakin rumbuna. Sun isa Maikujera ana shirin azahar.

Malam Yari ɗan gajeren tsoho ne, busasshe, idonsa ɗaya ya yi fari. Sai da ya kira salla aka idar, sannan ya shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗakinsa da ke jikin masallacin. Da Saja Habi ta warware rigar, sai ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka san wagga riga?"

"Tawa ta, ɗana. Ta zamanin ƙuruciya. Yunwa tas sa nis sayar."

"Tashi tsaye, Baba, don Allah."

Tsohon ya miƙe da ƙyar. Sufeto ya ɗora wuyan rigar a kafaɗarsa ya sake ta. Ta sauka har ƙasa, ta kuma tattaru a kan tabarma kamar taki guda.

"Tsuhwa na rage tsawo, Baba, amma ba haka ba. Wagga shadda kuma ba ta yi shekara ukku da hitowa ba."

Malam Yari ya koma ya zauna. Ba tsoron hukuma ne ya kama shi ba, kunya ce, kuma Sufeto ya ji ba daɗi da ya zama shi ne ya tona ta.

"Sadaka anka ba ni," in ji tsohon. "Abin kunya na a ce ladan ya sai da sadaka. Amma lokacin bazara ta, rumbu ba komi, tsohuwata na kwance. Riga ba ta shiga tukunya."

"Wa yab ba ka?"

"Ban san shi ba. Baƙo na, bisa babur. Ya yi azahar tare da mu, da mutane sunka watse yak kawo mani buhu. Kaya na ciki a wanke, a ninke, ga masa da goro bisa. Yac ce: Malam, yau kwana arba'in da rasuwar wani ɗan'uwa, sunanshi Lauwali. A yi mai addu'a, a sa kayanshi shi samu lada."

Saja Habi ta yi salati a hankali.

"Nic ce daga wane gari, bai amsa ba. Ina ɗaga hannu ina addu'a, mutumen ga yah hwashe da kuka. Ƙato guda, har gemunshi ya jiƙe. Nic ce a raina wanga ya so mamacin nan."

"Wace rana ta?"

"Ban riƙe ba. Amma kashegari ɗiyar nan ta Wurno taz zo sayen kaya."

Sufeto ya buɗe littafinsa. Sharifa ta sayi rigar ashirin da ɗaya ga Mayu, sadakar ke nan an yi ta ranar ashirin. Ƙaramar Sallah ta faɗo goma ga Afrilu, Lauwali ya fita ranar sha ɗaya. Ya ƙirga da yatsa, kamar ɗan aji uku. Daga sha ɗaya zuwa ƙarshen Afrilu kwana ashirin. Ga kuma ashirin na Mayu. Arba'in cif.

Ashe Lauwali bai je Aba ba. Ko tasha bai kai ba. Ranar da ya yi sallama da matarsa, ranar ya mutu, kuma akwai mutum ɗaya da ya san haka har yake ƙirga kwanaki.

"In ka ga mutumen za ka gane shi?"

"Idona guda na, amma kukan nan ko cikin kasuwa nij ji shi na san shi."

"Buhun hwa?"

Tsohon ya nuna bayansu. A ƙofar ɗakin an farke wani buhun albasa an rataye shi a madadin labule. Rana ta cinye kalarsa, amma alamar jan fenti tana nan: zobe biyu, layi ya ratsa su.

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin albasa ya san abin da wannan ke nufi. Tirela ɗaya takan ɗauki kayan mutum talatin, don haka kowane manomi yana da alamarsa a jikin buhu, kada kaya su cakuɗe a Kudu. Sufeto ya biya tsohon kuɗin sabon labule daga aljihunsa, ya sauke buhun.

Kafin la'asar sakaliya suna kasuwar albasa ta Goronyo. Shugaban masu lodi bai ko karɓi buhun a hannu ba, daga inda yake zaune ya hango shi.

"Zobe biyu da layi? Na Mode na Taloka na. Tun zamanin ubansu alamar gidan ke nan."

*

Washegari da hantsi motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar wani gida a Taloka. Gida ɗaya ne mai sashe biyu, na Mode da na Lauwali, zaure ɗaya suke shiga. Mode yana zaune a dakali yana jan carbi. Ya miƙe da murmushi zai gaida Sufeto, sai ya ga Saja Habi tana taimaka wa wani ɗan tsoho ya sauko daga bayan mota.

Carbin ya tsaya.

Suka shiga zaure. Maigari ya zo, aka ba shi wuri. A bayan katangar zauren an ji motsin mata, Sufeto ya san Sabuwa tana nan tana saurare. Bai sa a kore ta ba. Ita ta fi kowa haƙƙin ji.

Ya shimfiɗa buhun a ƙasa, ya ɗora rigar a kai.

"Mode, buhun wa na wanga?"

"Alamata ta. Amma buhuna sun kai ko'ina, yallaɓai. Kowa na iya tsintar shi."

"Gaskiya na. Baba, ka san wanga mutum?"

Malam Yari ya matso, ya karkata kai ya dube shi da ido mai gani.

"Shi na. Sannu, bawan Allah. Ya ƙarin haƙuri?"

Gaisuwar ta fi mari zafi. Mode ya kau da fuska.

"Na tuna. Na taɓa ba shi sadaka. Laihi na a ba malami sadaka?"

"Ba laihi ba na. Sadakar mi?"

"Sadaka dai."

"Jiya kac ce mani kun yi magana da Lauwali makon jiya. Wanga tsoho kuma kac ce mai ranar ashirin ga Mayu kwanan Lauwali arba'in da rasuwa. Na ƙirga, ya hwaɗa daidai ranar da yab bar gida." Sufeto ya rufe littafinsa. "Shekarata ashirin da biyu ina wanga aiki, Mode. Ban taɓa ganin an yi ma mai rai sadakar arba'in ba."

Maigari ya cire hula ya riƙe a hannu. Mode ya dubi rigar, karo na farko tun jiya. Idonsa ya sauka a kan koren zaren ya kasa ɗaukewa. Sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ni nir rene shi," in ji shi. "Shina da shekara tara ubanmu yar rasu. Ni niy yi mai kaciya, ni niy yi mai aure. Hwadamar ga shekara talatin ina cikinta."

"Mi yah hwaru ran nan?"

"Da sahe yab biyo ta hwadama da jakarshi, wai shi yi mani sallama. Ina gyaran hanyar ruwa. Yac ce in ya dawo shina son a raba gona, kowa shi san nashi. Nic ce ina raye za ka yanka gonar ubanmu? Yac ce ai ni ba ubanshi ba na. Shebur na hannuna." Ya ɗaga hannun ya dube shi. "Sau guda na, yallaɓai. Wallahi sau guda."

"Ina shike?"

"Akwai tsohuwar rijiya a ƙarshen gona, ta rubza. Nan nis sa shi, nic cike. Jakar niɓ ɓoye cikin rudu, inda nika aje albasa."

A bayan katanga wata mace ta fara salati, wasu suka kama. Ba muryar Sabuwa ba ce. Ita ba a ji ta ba.

Akwai tambaya ɗaya da ta tsaya wa Sufeto tun a Maikujera. Ba ta cikin abin da kotu za ta nema, amma ya yi ta.

"Da ka ƙone kayan, ko ka jehwa su gulbi, da ba mu nan yau. Mi yas sa kab ba da su sadaka?"

Mode ya ɗago, hawaye na bin gemunsa.

"Ba a yi mai wanka ba. Ba a sa mai likkahwani ba. Ba wanda yay yi mai salla. Duk duniya ba wanda yas san ya mutu sai ni. In ban yi mai sadaka ba, wa za shi yi mai?"

Sufeto ya yi wa ɗan sandan da ke bakin ƙofa alama, aka sa wa Mode ankwa.

Aikin rijiyar ya ci har bayan azahar. Mutanen gari ne suka haƙa, jami'in lafiya yana tsaye, Sufeto yana rubutu. A gefen wurin irin albasar bana ya fito kore shar a fangali, an ba shi ruwa da safen nan. Abin da aka samu aka naɗe a farin yadi. An gane Lauwali ne da zoben azurfa da ke yatsansa.

Da suka dawo ƙofar gida aka sa Mode a bayan mota. Jama'a sun taru, amma ba mai zagi, ba mai jifa.

Sai ga Sabuwa ta fito daga zaure. Ba ta dubi motar ba. Wajen Saja Habi ta nufa, ta kai hannu ta taɓa rigar da ke naɗe.

"Za a ba ni ita?"

"Sai an gama shari'a, 'yar'uwa. Shaida ta yanzu," in ji Saja Habi. "Amma ni da kaina zan kawo maki."

Ta gyaɗa kai. Ta juya ta durƙusa gaban Malam Yari, wanda ke zaune a dakali yana jiran a mayar da shi gida.

"Malam, kai kay yi mai addu'a lokacin da ban sani ba. Allah shi saka. Yanzu ka hwaɗa mani, takabata daga yau zan hwara ƙirga, ko sai an yi jana'iza?"

Tsohon ya dubi Sufeto kamar mai neman a cece shi, Sufeto ya kau da kai.

"Ɗiyata, abin da munka karanta, takaba daga ranar mutuwa aka ƙirga ta, ko mace ta sani ko ba ta sani ba. Wata huɗu da kwana goma." Ya sauke murya. "Taki ta ƙare tun tsakiyar damina."

Tsakiyar damina Sabuwa tana nan tana wanke kwanon furar mijinta kullum, tana leƙen hanya duk sanda ta ji ƙarar babur. Sai yanzu ta juya ta dubi mutumin da ke bayan mota.

"Yaya, har wannan ma ka cinye mani."

Mode ya kifa kai a kan gwiwa.

Ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta, ɗaya bayan ɗaya. Ta kama bakin mayafi ta goge kwallin idonta har ya yi baƙi.

"Littahi ya gama ƙirga nashi, Malam. Ni yau nij ji."

Ta shiga gida. Sufeto Siddiq ya tsaya har inuwarta ta ɓace a cikin zaure, sannan ya shiga gaban mota ya ce da direba su tafi.